Yadda ake kwatanta giɓin kasafi da bashin ƙasashe biyu: misalin Najeriya da Nijar

Duk wanda ya saba zama a majalisun yamma na birnin Katsina, ko a rumfunan 'yan canji da ke hulɗa da fataken Jibiya da Mai'aduwa, ya sha jin muhawara kan wace ƙasa ce bashi ya fi yi wa katutu tsakanin Najeriya da Nijar. Wani zai ce bashin Najeriya ya haura naira tiriliyan 140, saboda haka babu ma abin kwatantawa, wani kuma ya mayar masa da cewa Nijar ce ta kasa biyan masu bin ta bayan juyin mulkin 2023, alhali Najeriya ba ta tsallake wa'adi ba. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, amma babu wanda ya amsa tambayar, domin girman lambar bashi shi kaɗai ba ya nuna nauyinsa, kamar yadda buhun auduga ya fi na gishiri cika ido amma bai kai shi danne wuya ba. Na zaɓi waɗannan ƙasashe biyu ne saboda mu a Katsina da Daura muna rayuwa a tsakaninsu, kuma saboda tsarin kuɗinsu ya bambanta ta kusan kowace fuska, abin da ya sa duk kuskuren da mai kwatance zai iya yi yana bayyana a fili. Hanyar da za a bi a nan tana aiki ga kowace ƙasa biyu.

Mataki na farko shi ne raba giɓi da bashi, domin jama'a da dama, har da wasu masu karanta labarai a rediyo, suna haɗa su wuri guda. Giɓin kasafi shi ne ratar da ke tsakanin abin da gwamnati ta kashe da abin da ta samu a cikin shekara guda. Bashi kuwa shi ne tarin rancen da aka ci tsawon shekaru aka kuma ba a gama biya ba. Magidancin da geronsa ya ƙare wata biyu kafin kaka, ya ranci buhu uku, giɓinsa na bana buhu uku ne, amma idan akwai buhu biyar na bara da bai mayar ba, bashinsa buhu takwas ne. Ƙasa na iya rage giɓinta alhali bashinta na ƙaruwa, tun da ko giɓin ya ragu sai an ranto an cike shi. Don haka tun kafin a ɗauki biro sai a yanke shawara: halin kashe kuɗi na shekara ake son aunawa, ko kuwa nauyin da aka tara? Mafi kyau a auna duka biyun, kowanne a layinsa.

Mataki na biyu shi ne tantance wace gwamnati ake nufi, kuma a nan ne kwatancen Najeriya da Nijar ya fi yawan karkacewa. Najeriya tarayya ce. Kasafin da Shugaban Ƙasa ke kai wa Majalisar Tarayya na gwamnatin tarayya ne kawai, ba ya ƙunshe da kasafin jihohi 36 ko na ƙananan hukumomi 774. Albashin malamin firamare a Ɗanmusa ko Sandamu, da ginin asibitin jiha, da gyaran titin cikin gari, yawancinsu ba sa cikin wannan takarda. Nijar kuwa ƙasa ce mai gwamnati ɗaya a tsakiya, jihohinta irin su Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su da ikon kasafi da cin bashi irin na gwamnonin Najeriya, saboda haka kasafin Yamai ya ɗauki mafi yawan abin da hukuma ke kashewa a ƙasar. Wanda ya ajiye kasafin Abuja kusa da na Yamai ya kwatanta wani ɓangare ne da kusan dukkan abu.

Abin da ke ƙara rikita lissafin shi ne, alƙaluman da Ofishin Kula da Basussuka na Najeriya, wato DMO, ke fitarwa duk bayan wata uku sun haɗa bashin tarayya da na jihohi da na hukumar birnin Abuja. Idan mutum ya ɗauki wannan jimilla ya raba da kuɗin shigar gwamnatin tarayya kaɗai, ya ɗora wa jaki ɗaya kayan jakuna talatin da bakwai. Ƙa'idar ita ce lambar sama da lambar ƙasa su kasance na gwamnati iri ɗaya. Mai son sauƙi ya nemi alƙaluman da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ke wallafawa a watan Afrilu da Oktoba, domin yana ƙoƙarin haɗa dukkan matakan gwamnati a ma'auni guda, sannan ya duba bayanin da ke ƙasan teburin ya tabbatar da abin da aka haɗa wa kowace ƙasa.

Mataki na uku gajere ne amma yana da muhimmanci: a bambanta kasafin da aka tsara da wanda aka aiwatar. Kasafi alkawari ne da hasashe. A Najeriya an gina shi kan ƙiyasin farashin gangar mai da yawan gangunan da za a haƙo da farashin dala, kuma shekaru da yawa kuɗin da ya shigo bai kai wanda aka rubuta ba. Rahoton aiwatar da kasafi na Ofishin Kasafin Tarayya shi ne ke nuna giɓin gaske. Misalin Nijar ya fi fitowa fili. An shiga 2023 da kasafin da ya kai kimanin sefa biliyan 3,290, sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli wanda ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, masu ba da tallafi suka janye, a watan Oktoba gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta zabtare kasafin da kusan kashi 40 cikin 100 zuwa kimanin biliyan 1,980. Wanda ya yi aiki da lambar farkon shekara ya auna kasafin da bai taɓa wanzuwa ba. An yi sa'a ƙasashen biyu suna lissafin shekarar kuɗi daga Janairu zuwa Disamba, amma mai kwatanta Najeriya da Amurka ya sani cewa shekarar kuɗin gwamnatin Amurka tana farawa ne 1 ga Oktoba.

Mataki na huɗu shi ne batun canji, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne ramin da ya fi cin mutane. Da farko akwai matsalar karatun lambar kanta. Takardun Nijar da Faransanci ake rubuta su, inda miliyar ke nufin biliyan, ana kuma sa waƙafi a wurin da mu muke sa ɗigo. Ko a bakin 'yan kasuwa akwai irin wannan tarko: jaka a Maraɗi sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar, alhali a wajenmu jaka naira ɗari biyu ce, dala kuwa kuɗin Amurka muke nufi. Wanda ya san wannan a kasuwar Jibiya bai kamata ya manta da shi ba idan ya zo kan takardar gwamnati.

Sannan sai ainihin bambancin kuɗin biyu. Sefar Afirka ta Yamma a ɗaure take da yuro a kan farashi tsayayye, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, kuma babban bankin da ke buga ta, BCEAO, yana Dakar ne, ƙasashe takwas ke tarayya a cikinsa. Sauya lambar Nijar zuwa kuɗin waje abu ne mai sauƙi: sefa biliyan 3,290 ta kama kimanin yuro biliyan 5, biliyan 1,980 kuma kimanin yuro biliyan 3. Naira ba haka take ba. A farkon 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460 kan dala, bayan an saki canjin a watan Yuni ya faɗi warwas, shekarar ta ƙare yana wajen 900, ƙarshen 2024 kuma ya haura 1,500.

Ga abin da wannan ya yi wa lambobin bashi. A ƙarshen 2022 DMO ya bayyana jimillar bashin Najeriya a kan naira tiriliyan 46.25, wato kimanin dala biliyan 103. A ƙarshen 2023 ya koma naira tiriliyan 97.34, kimanin dala biliyan 108. A ƙarshen 2024 ya kai naira tiriliyan 144.67, amma da dala ya sauko zuwa kimanin biliyan 94. Mai adawa da gwamnati zai ɗauki layin naira ya ce bashi ya ninka sau uku cikin shekara biyu, mai goyon bayanta zai ɗauki layin dala ya ce ai raguwa ma ya yi. Babu ɗayansu da ya ƙirƙiri lamba, kuma babu ɗayansu da ya faɗi dukkan gaskiya. Hauhawar layin naira ta samo asali ne daga abubuwa uku a haɗe, wato sabon rance, da faɗuwar naira wadda ta kumbura darajar tsohon bashin waje, da kuma shigar da wani bashin Babban Banki da za a yi bayaninsa a gaba. Saukar layin dala kuwa ba biyan bashi ba ne, bashin cikin gida ne na naira ya yi ƙanƙanta da aka auna shi da dala mai tsada. A ganina layin naira ya fi kusa da zafin da ake ji, tun da gwamnati da naira take karɓar mafi yawan harajinta, amma ba shi da amfani wajen ajiye shi kusa da lambar wata ƙasa. Abin da ya kamata a yi shi ne a rubuta duka biyun, a rubuta farashin canjin da aka yi amfani da shi da ranarsa, a yi amfani da farashin ƙarshen shekara ga bashi, da matsakaicin farashin shekara ga giɓi, domin bashi a rana guda ake ƙirga shi, giɓi kuwa cikin wata goma sha biyu yake taruwa.

Mataki na biyar shi ne fita daga matsalar canji gaba ɗaya ta hanyar raba giɓi da bashi da jimillar arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, abin da masana ke taƙaitawa da GDP. Idan aka raba naira da naira, sefa da sefa, abin da ya fito kaso ne cikin ɗari, kuma kaso ba ya buƙatar ɗan canji. Ƙasashen biyu suna da iyakar da za a auna su da ita. Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, ta ce giɓin tarayya kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin shekara sai da wani dalili na barazana ga ƙasa. Ƙungiyar ƙasashen sefa, UEMOA, ita ma ta sa kashi 3 ga giɓi da kashi 70 ga bashi, ko da yake ta dakatar da aiki da waɗannan sharuɗɗa a 2020 saboda annobar korona. An sha ƙetare wannan iyaka a ɓangarorin biyu, saboda haka amfaninta ga mai kwatance shi ne ta zama alamar da zai ga nisan da kowa ya yi daga abin da ya ɗaukar wa kansa.

Sai dai wannan ma'auni yana da rauni da ya kamata a sani. Arzikin shekara ƙiyasi ne, kuma ana sake lissafa shi. A 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar tushe, wato shekarar da ake ɗaukar farashinta a matsayin ma'aunin lissafi, daga 1990 zuwa 2010, sai arzikin Najeriya na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa kimanin 510 a rana guda, ƙasar ta wuce Afirka ta Kudu a takarda. A 2025 aka sake yin haka, aka mayar da tushe 2019, arzikin 2024 ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 269 zuwa kusan 373. Mai karatu ya gwada da kansa: raba 144.67 da 269 zai ba shi kusan kashi 54, raba ta da 373 zai ba shi kusan kashi 39. Ba a biya ko kwabo ba, amma bashin ya yi sauƙi da maki goma sha biyar. Sake lissafin ba yaudara ba ne, domin tattalin arziki yana sauyawa, dole ma'auni ya bi shi, amma wanda ke kwatanta shekaru ko ƙasashe ya tabbata dukkan lambobinsa daga tushe ɗaya suka fito.

Mataki na shida shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma da za a ce in zaɓi ma'auni ɗaya tak, shi zan ɗauka: nawa ne daga cikin kuɗin shigar gwamnati ke tafiya wajen biyan kuɗin ruwa da uwar bashi? Gwamnati ba ta biyan bashi da arzikin ƙasa, da abin da ya shiga baitulmali take biya. Hatsin da ke rumbunan manoman Funtuwa da shanun da ke kasuwar Mai'aduwa suna cikin arzikin shekara, amma ba sa cikin asusun gwamnati. Najeriya ta daɗe tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin tara kuɗin shiga idan aka auna da girman tattalin arzikinsu, shekaru da dama abin bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Shi ya sa a lokacin da jami'ai ke cewa bashin bai kai na sauran ƙasashe ba, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa hidimar bashi ta cinye sama da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya a 2022.

Ga misali na ƙaddarawa domin a ga yadda lissafin ke juyawa. A ƙaddara ƙasashe biyu, kowacce arzikinta na shekara 100 ne. Ta farko ana bin ta 40, tana tara kuɗin shiga 8, tana biyan ruwa kashi 15 cikin 100. Ta biyu ana bin ta 55, tana tara 16, ruwan bashinta kashi 4 ne. A ma'aunin mataki na biyar ta farko ce mai lafiya. Amma ruwan da ta farko za ta biya a shekara 6 ne, wato kashi 75 na abin da ta tara, ta biyu kuwa 2.2 za ta biya, bai kai kashi 14 ba. Wadda ake ganin ta fi bashi ita ce ke da sararin biyan albashi da sayen magani. Wannan ne kuma dalilin da ya sa Japan ke ɗauke da bashin da ya ninka arzikinta na shekara fiye da sau biyu ba tare da ta kasa biya ba, alhali Gana, wadda nata bai kai rabin wannan kaso ba, ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje a Disambar 2022 ta koma hannun IMF a 2023.

A wannan mataki ne ake fitar da abin da ake kira giɓin asali, wato giɓin da ya rage idan aka cire kuɗin ruwa daga abin da aka kashe. Shi ne ke nuna halin gwamnati mai ci, ba gadon da ta tarar ba. Idan giɓin ƙasashe biyu ya zo daidai amma ɗaya rabin nata kuɗin ruwa ne, ɗayar kuma duk sabon kashe kuɗi ne, to cutar ba ɗaya ba ce, maganin ma ba zai zama ɗaya ba.

Mataki na bakwai ya shafi tallafi, kuma ya fi taɓa Nijar. Kafin 2023 wani babban kaso na kasafinta yana zuwa ne daga kyautar Tarayyar Turai da Faransa da Bankin Duniya da sauran masu ba da agaji. Takardun ƙasashen sefa sukan kawo giɓi iri biyu, wanda aka haɗa da tallafi da wanda aka cire shi, kuma ratar da ke tsakaninsu tana da faɗi. A kasafin Najeriya tallafi ɗan kaɗan ne, kusan ba ya sauya komai. Don a yi adalci sai a kawo lambobin Nijar duka biyu. Na farko yana nuna abin da ta ranta, na biyu yana nuna ramin da zai buɗe ranar da mai kyauta ya janye hannunsa, kuma abin da ya faru a ƙarshen 2023 ke nan.

Mataki na takwas shi ne buɗe cikin bashin a ga wa ke bi, da wane kuɗi, zuwa yaushe. Rancen sassauci na sashen Bankin Duniya da ke kula da ƙasashe matalauta yana da ruwa ƙanƙani da wa'adin shekaru talatin ko fiye, kuma Nijar ta dogara sosai da irinsa, Najeriya ma tana cikin manyan masu cin sa. Takardun lamunin dala da ake sayarwa a kasuwannin waje, waɗanda Najeriya ta fara fitarwa a Janairun 2011 da dala miliyan 500, ruwansu ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma uwar kuɗin takan faɗo a dunƙule ranar da wa'adi ya cika. Bashin cikin gida na Najeriya da naira ake biyan sa, abin da ke rage haɗarin canji, amma ruwansa yana bin farashin ruwan da Babban Banki ke tsayarwa wanda ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024. A nan ma sai an yi hattara, domin a watan Disambar wannan shekara hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, ma'ana mai ba gwamnati rance a kan kashi 20 asara yake yi a zahiri, kuma hauhawar farashin tana zaizaye bashin naira a hankali, talaka ne ke biya ta hanyar tsadar masara da man gyaɗa. Nijar ba ta da wannan ƙofa, domin ba ita ke buga sefa ba.

Akwai wata kalma da ke yaudara a nan, wato bashin cikin gida. Idan Nijar ta sayar da takardun lamuni a kasuwar ƙasashen sefa, bankunan Abijan da Dakar da Lome na iya saye. Da sefa aka ranta, don haka wasu takardu suna lissafa shi a na cikin gida, amma masu kuɗin suna wajen ƙasar. Lokacin takunkumin da ya fara a ƙarshen Yulin 2023 aka ɗage a Fabrairun 2024, watannin da iyakokin Magama da Kongolam suka kasance a rufe, an toshe wa gwamnatin Nijar asusunta a BCEAO da damar shiga wannan kasuwa, sai ta tsallake wa'adin biyan ɗaruruwan miliyoyin daloli. Wannan gazawa ta toshewar hanya ce fiye da ta nauyin bashi, kuma mai kwatance da ya rubuta cewa Nijar ta kasa biya ba tare da ya faɗi dalili ba ya zalunci lissafinsa. Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, amma ficewar ba ta haɗa da barin sefa ba, saboda haka duk abin da aka faɗa game da ɗaurin kuɗinta da yuro yana nan.

Mataki na tara shi ne neman abin da ba a rubuta ba. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta yarda bankin ya ba gwamnatin tarayya rancen wucin gadi da bai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata ba, a kuma mayar kafin shekara ta ƙare. A aikace rancen ya yi ta taruwa har ya kai naira tiriliyan 22.7, kuma duk tsawon lokacin ba ya cikin jimillar DMO. Sai a watan Mayun 2023, a kwanakin ƙarshe na mulkin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Majalisa ta amince a mayar da shi takardun lamuni na shekara 40 a kan ruwa kashi 9. Wanda ya kwatanta bashin Najeriya na 2022 da na kowace ƙasa ba tare da wannan ba, ya bar kusan kashi ɗaya cikin uku a waje. Haka tallafin man fetur kafin 29 ga Mayun 2023: kamfanin mai na ƙasa yana cire shi ne tun kafin kuɗi su isa asusun tarayya, don haka ya fi bayyana a matsayin ƙarancin kuɗin shiga, ciki har da kason da jihohi irin tamu ke karɓa duk wata. Sai kuma bashin 'yan kwangila da giratutin 'yan fansho da ba a biya ba, wanda duk mai ɗan'uwa tsohon ma'aikaci ya san cewa bashi ne ko da babu takardar lamuni a kansa. A ɓangaren Nijar, a nemi rancen da aka jingina da albarkatun ƙasa, kamar dala miliyan 400 da kamfanin man China, CNPC, ya ba gwamnati a Afrilun 2024 a kan ɗanyen man da za a tura ta bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Irin wannan kuɗi yana cike giɓin bana ne da kuɗin shigar baɗi.

Kafin a rufe lissafi, a duba inda kowace ƙasa ta faro. Dukansu biyu an taɓa sauke musu kaya. Nijar ta kammala shirin yafe bashin ƙasashe matalauta a 2004. Najeriya kuma ta cim ma yarjejeniya da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris a Oktoban 2005, ƙarƙashin Shugaba Olusegun Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, aka yafe dala biliyan 18 daga cikin kimanin 30, ta biya ragowar kimanin 12 ta gama a 2006. Ke nan mafi yawan bashin da ake magana a kai yau an tara shi ne cikin shekaru ashirin da suka wuce, kuma jerin shekaru goma a jere ya fi lambar shekara ɗaya faɗin gaskiya, musamman idan shekarar ta zo da annoba ko juyin mulki ko sakin canji.

Mataki na ƙarshe shi ne zana tebur a takarda, ƙasa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, shekara guda a sama. A jera giɓin da aka aiwatar a matsayin kaso na arzikin shekara, da tallafi da kuma babu shi, sai giɓin asali, sai bashi a kan arzikin shekara tare da shekarar tushe, sai kuɗin ruwa a kan kuɗin shiga, sai kason bashin da ke cikin kuɗin waje, sai abin da wa'adinsa zai cika cikin wata goma sha biyu masu zuwa. A ƙarƙashin kowace lamba a rubuta inda aka samo ta da matakin gwamnatin da ta ƙunsa. A bar layi ɗaya a ƙasa domin abin da aka yi da rancen, tun da naira ɗaya da aka ranta don albashi da naira ɗaya da aka ranta don hanya duk ɗaya suke a jimillar DMO. Takardun sukuk, wato takardun lamuni na tsarin Musulunci, da tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 suna da sauƙin bibiya a wannan layi, domin an ɗaure kuɗinsu da takamaiman tituna, kuma hakan ya sa masu gudun riba suka karɓe su. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 a kan kwangilar kusan dala biliyan 2, zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka iyaka. Kuɗinsa yana shafin Najeriya ne a teburin, ko da yake tashar ƙarshe tana cikin Nijar, saboda haka a gefen wannan lamba sai a rubuta kayan da ake sa ran jirgin zai ɗauko daga Maraɗi zuwa tashoshin ruwan Legas, da shekarar da aka ce zai fara aiki, a dawo a duba idan shekarar ta zo.